Musanyar Adireshi a Kiran Murya da na Hoto ta Intanet: Bayani da Shawarar Kalmomi

1. Manufa

Manufar wannan takarda kashi biyu ce. Na farko, a bayyana cikin Hausa wata dabara da ke ɓoye a bayan kusan kowane kiran murya ko na hoto da a ke yi ta intanet, wadda masana su ke taƙaita sunanta da haruffa uku, NAT. Na biyu, a kawo shawarar kalmomin da malamai za su yi aiki da su in sun zo koyar da ita. Dalilin da ya sa wannan ya zama aikin sashen Hausa kuwa shi ne, ɗaliban da ke fita daga kwalejojin horon malamai, irin su Kwalejin Ilmi ta Shehu Shagari a nan Sakkwato, su ne za su tsaya gaban yara a makarantun Unguwar Rogo da sauran unguwanni, yaran da suka buɗe ido suka ga iyayensu suna magana da dangi na Birnin Ƙwanni ko na Makka ta WhatsApp. In yaro ya tambayi malaminsa ta ina muryar ta ke bi, ko me ya sa wani lokaci waya ta yi ƙara a ɗauka amma ba a ji kome ba, bai kamata amsa ta tsaya ga "sabis ne ba kyau" ba.

Har wa yau akwai dalili na biyu. In an bi al'amarin a hankali za a ga tushen wahalar abu ne da masu nazarin harshe suka daɗe da saninsa, watau kalmomin da ma'anarsu ta ke rataye ga inda mai magana ya ke tsaye.

2. Adireshi da ƙarancinsa

Saƙo ba ya tafiya a intanet a dunƙule. A kan yanyanka shi ƙanana-ƙanana, kowane yanki a naɗe shi, a rubuta a bayansa adireshin mai aikawa da na mai karɓa, kamar ambulan ɗin gidan waya. Wannan yanki za mu kira shi ƙunshi. A kiran murya, abin da aka fi yi shi ne a ɗebi maganar kashi ɗaya cikin hamsin na sakan a sa a ƙunshi guda, watau ƙunshi 50 ke nan a kowane sakan daga kowane ɓangare.

Tsarin adireshin da aka fi aiki da shi, mai suna IPv4, an shimfiɗa shi a shekarar 1981. A kan rubuta shi da lambobi huɗu da ɗigo a tsakaninsu, kowace lamba daga 0 zuwa 255, kamar 203.0.113.7. In an riɓanya 256 da kanta sau huɗu za a sami 4,294,967,296, shi ne iyakar adireshin da tsarin zai iya bayarwa. A 1981 wannan ya yi kama da rijiyar da ba ta ƙafewa, domin masu haɗa kwamfuta da intanet a lokacin jami'o'i ne da ma'aikatun gwamnati kaɗan. Amma mutanen duniya sun kai biliyan 8 a watan Nuwamba na 2022, ga shi kuwa da yawa cikinsu suna da na'ura fiye da ɗaya. Hukumar IANA, mai riƙon babban rumbu, ta raba ragowar abin da ke hannunta ran 3 ga Fabrairu 2011 ga hukumomi biyar na sassan duniya. Ta Afirka ita ce AFRINIC, mai mazauni a tsibirin Morishos, rabonta kuwa ya fi na kowace ƙanƙanta, don Afirka ta zo a makare.

Tun kafin haka masana sun hango ƙarewar. A 1994 Kjeld Egevang da Paul Francis suka bayyana dabarar NAT cikin takarda mai lamba RFC 1631, suka ce maganin ɗan lokaci ce kafin a sami mafita mai ɗorewa. Rashin uwa a kan yi uwar ɗaki. Sa'an nan a 1996 aka tabbatar da keɓe rukuni uku na adireshi don amfanin cikin gida kaɗai: waɗanda suka fara da 10, da waɗanda suka fara da 172.16 zuwa 172.31, da waɗanda suka fara da 192.168. Kowa yana da izinin amfani da su a gidansa ko ofishinsa, bisa sharaɗin ba za su fita sararin intanet ba.

3. Zaure

Bari mu ɗauki misalin wani gida a Unguwar Rogo, inda mutum uku su ke haɗa wayoyinsu da akwatin waifai guda. Akwatin ya ba wayar maigida 192.168.1.5, ta uwargida 192.168.1.6, ta ɗansu 192.168.1.7. Waɗannan su ne adireshin cikin gida. Ba mamaki maƙwabcinsu na jikin katanga shi ma wayarsa tana ɗauke da 192.168.1.5, ba kuwa rikicin da zai auku, kamar yadda kowane gida ya ke da ɗakin da a ke ce wa turaka ba tare da an ruɗe ba. Amma duniya ba ta san gidan da kome ba sai adireshi guda, mu ce 203.0.113.7, shi ne adireshin waje.

Akwatin nan aikinsa aikin zaure ne. Duk ƙunshin da zai fita sai ya bi ta kansa, ya goge adireshin cikin gida ya rubuta na waje. To, in amsa ta komo, yaya zai san ta wane ɗaki ce? A nan ne wata lamba ta biyu ta ke shigowa. Ban da adireshi, kowane ƙunshi yana ɗauke da lambar kafa, daga 0 zuwa 65,535, mai nuna wace hira ce cikin hirarrakin da na'ura ta ke yi. Sa'ad da ƙunshin uwargida ya fito daga 192.168.1.6, kafa ta 5000, sai zaure ya mai da shi 203.0.113.7, kafa ta 40001 alal misali, ya rubuta wannan a rajistarsa. Duk amsar da ta zo ga kafa ta 40001 sai ya duba rajista ya miƙa wa uwargida.

Abu biyu ne ya kamata malami ya jaddada a nan. Na ɗaya, ba a rubuta kome a rajista sai na ciki ya fara aikawa. Baƙon da ya zo ba wanda ya aika masa, zaure bai san ɗakin da zai kai shi ba, sai ya yar da ƙunshinsa, ba kuwa zai sanar da kowa ba. Na biyu, rubutun rajista ba ya dawwama. In an yi shiru na wani lokaci sai a share shi. Ƙa'idar da aka fitar a 2007 ta ce kada a share kafin minti biyu, ta kuma fi son a kai minti biyar, amma akwai na'urorin da ke mantuwa tun kafin haka.

Ga mai karanta labarai ko mai aika rubutaccen saƙo wannan duk bai dame shi ba, don shi ne kullum ke fara magana, wadda ya ke yi wa maganar kuwa babbar kwamfuta ce ta kamfani, mai adireshin waje, ƙofarta a buɗe.

4. "Nan" da "can"

Kira shi ne ya sha bamban, ta fuska biyu.

Fuska ta farko: mai kira da wanda aka kira duka a bayan zaure su ke. Ƙunshin kowannensu, in ya isa zauren ɗan'uwansa, baƙo ne da ba a aika masa ba. Kowa na jiran kowa ya fara, ba kuwa wanda farawarsa za ta karɓu.

Fuska ta biyu ita ce ta fi kusa da aikinmu. Kira kashi biyu ne, akwai sallama, akwai magana. Sallama ita ce 'yar wasiƙar da ke sa wayar wancan ta yi ƙara, wadda a cikinta a ke shirya inda za a aiko da murya. Ƙa'idar da wayoyin ofis su ke bi wajen sallama sunanta SIP, an daidaita ta yadda ta ke yanzu a 2002. Muryar kanta kuwa ta wata kafa dabam ta ke bi, bisa wata ƙa'ida mai suna RTP. Sallama ba ta cika ɓacewa ba, don ta babbar kwamfutar kamfani ta ke ratsawa, wadda wayoyin biyu suka riga suka buɗe hira da ita. Amma a cikin cikin wasiƙar, wayar uwargida ta rubuta, "A aiko mini da murya ga 192.168.1.6," tun da yake iyakar adireshin da ta san kanta da shi ke nan. Zaure kuwa bayan ambulan kaɗai ya ke gyarawa. Wasiƙa ta isa, wancan ya karanta, ya yi ta aika murya ga adireshin da ba shi da ma'ana a wurinsa, ko kuwa ya faɗa kan wata na'ura ta cikin gidansa shi kansa.

Masu nazarin Hausa sun san irin wannan. Philip Jaggar da Malami Buba sun nuna a 1994, shekarar da aka bayyana NAT, cewa "nan" da "can" kalmomi huɗu ne in an lura da karin sauti: "nan" mai faɗuwar sauti tana nuna kusa da mai magana, "nan" mai sautin sama kusa da mai sauraro, "can" mai faɗuwa nesa da su duka biyu, "can" mai sautin sama kuwa nesa ƙwarai. Ba ɗaya cikinsu da ke nuna wuri sai an san inda masu magana su ke. In Audu ya aiki yaro ya ce, "Ku same ni a nan," yaro mai hankali in ya je zai ce, "Ya ce ku same shi a gidansa." Yaron da ya je ya maimaita "Ku same ni a nan" bai yi ƙarya ba, amma ya ɓata aike. Adireshin cikin gida "nan" ne. Zaure kuwa ɗan aike ne mai faɗin daga gidan da ya fito daidai, sa'an nan ya maimaita saƙo kalma da kalma.

An gwada koya wa waɗansu akwatuna su buɗe wasiƙar SIP su gyara adireshin ciki. Sau da yawa gyaran ya kan ƙara ɓarna, har masu haɗa wayoyin ofis su kan ba da shawara a kashe shi. Balle yanzu da a ke kulle wasiƙu da sirri, zaure ba ya iya karanta su.

5. Dabaru uku

Da ya ke ba a iya dogara ga zaure, sai aka koya wa wayoyin su taimaki kansu.

Dabara ta farko ita ce madubi, sunanta a wurin masana STUN, an fara bayyana ta a 2003. Mutum ba ya ganin fuskarsa sai ya duba madubi. Haka nan waya ta kan aika ƙunshi ga wata kwamfuta ta waje ta ce, "Da wane adireshi kika gan ni?" A amsa mata, "203.0.113.7, kafa ta 40001." Sai ta sa wannan a wasiƙar sallama, watau ta mai da "nan" ya zama "gidan wane". Bayan wayoyin biyu sun san adireshin wajen juna, sai su shiga aika wa juna ƙunshi a lokaci guda. Mai yiwuwa na farko ya faɗi a ƙofar wancan, amma fitarsa ta riga ta sa zauren gida ya rubuta a rajista cewa ana hira da wancan adireshi. Saboda haka ƙunshin da zai zo daga can sai a ɗauke shi amsa, a bar shi ya wuce. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, a nan kuwa na ciki ne ya ke tsaga bangon da gangan.

Amma zaure iri-iri ne. Akwai mai riƙon lamba, wanda in ya ba waya kafa ta 40001 zai ci gaba da ita ko wa a ke aika wa. Akwai kuma mai sake lamba, wanda kowane sabon abokin hira sai ya buɗe masa sabuwar kafa. Ga irin wannan madubi ba shi da amfani, don lambar da madubi ya gani tasa ce shi kaɗai. In zaurukan biyu duka masu sake lamba ne, galibi hanyar kai-tsaye ba ta samuwa.

Sai dabara ta biyu, zango, watau TURN, wadda aka daidaita a 2010. Kamfani ya kan ajiye kwamfuta mai adireshin waje, wayoyin biyu kowace ta fita ta same ta, ita kuwa ta karɓa daga wannan ta miƙa wa wancan, kamar yadda fatake daga gabas da yamma su ke haɗuwa a zango su yi musayar kaya. Wannan kusan kullum tana ci, amma tana da tsada ga kamfani, don kowane ƙunshi sai ya ratsa ta kansa, ga kuma tsawaita hanya. Da babu gara ba daɗi.

Ta uku ita ce gwajin hanyoyi, watau ICE, ta 2010, wadda aka sabunta a 2018. Kowace waya ta kan tara adireshinta duka, na cikin gida da na madubi da na zango, ta aika wa 'yar'uwarta. Sai su gwada su bibbiyu, su zaɓi mafi kyau cikin waɗanda suka yi aiki. Ɗan shirun nan da a kan ji bayan an ɗauki kira, sa'ad da allo ke nuna ana haɗawa, sau da yawa wannan gwaji ne a ke yi. Bayan hanya ta samu, in magana ta tsaya, waya ta kan jefa ɗan ƙunshi maras kome duk bayan sakan 15, don kada zaure ya share rajista. Wannan shi ne gyaran murya, irin wanda dattijo ke yi don a san yana nan. Dabarun nan uku su ne ƙashin bayan tsarin WebRTC, wanda aka kammala daidaita shi a 2021, mai sa a iya kiran hoto daga cikin shafin intanet.

6. Zaure bayan zaure

Halin da mu ke ciki ya ƙara wani mataki. Wayar hannu ta GSM ta fara aiki a Nijeriya a 2001, kuma ta hanyarta ne akasarin mutanenmu suka shiga intanet, a daidai zamanin da adireshi ke ƙarewa. Saboda haka kamfanonin waya, kamar takwarorinsu na sauran ƙasashe, su kan kafa ƙaton zaure nasu, su tara jama'a masu yawa a bayan adireshin waje kaɗan. A 2012 aka keɓe musu rukuni na musamman, daga 100.64 zuwa 100.127, mai adireshi 4,194,304. Wannan ya yi kama da ƙofar gari, irin su Ƙofar Rini da Ƙofar Kware na tsohuwar ganuwar Sakkwato. In akwatin gidan nan na Unguwar Rogo da layin waya ya ke aiki, to abin da muka kira adireshinsa na waje ma na cikin ganuwar kamfani ne, ƙunshi kuwa sai an sake masa adireshi sau biyu kafin ya fita.

Abu uku ke biyo bayan wannan. Na farko jinkiri. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta ba da shawarar kada murya ta wuce kashi 150 cikin dubu na sakan kafin ta isa, in ana son hira ta yi daɗi. Haske a cikin igiyar gilashi yana cin kimanin kilomita 200,000 a sakan, watau kashi 5 cikin dubu ga kowace kilomita 1,000. Daga Sakkwato zuwa Ikko kimanin kilomita 1,000 ne, igiyar Main One da ta fara aiki a 2010 kuwa tsawonta daga Ikko zuwa Fotugal kimanin 7,000. In da mutum biyu na Sakkwato za su haɗu a zangon da ke Turai, zuwa da komowa sun cinye kashi 80 cikin 150 ɗin nan, tun ba a lasafta tsaiko a hanya ba. Amfanin a sami zango a cikin ƙasa ke nan, da amfanin mahaɗar IXPN da aka kafa a Ikko a 2006 don kamfanoni su riƙa musayar saƙo a gida.

Na biyu sirri. Hanyar kai-tsaye tana nuna wa abokin magana adireshinka na waje, wanda ke iya ba da alamar kamfaninka da yankinka. Don haka a 2023 WhatsApp ya sa wani maɓalli ga mai son duk kiransa ya bi ta zango. Zangon ba ya jin abin da a ke faɗa, tun da muryar a kulle ta ke daga waya zuwa waya.

Na uku shaida. Da ya ke mutane da yawa ke tarayya a adireshi guda, adireshin waje kaɗai bai isa a ce wane ne ya aika saƙo ba, sai an haɗa da lambar kafa da ainihin lokaci da rajistar kamfani. Ya kamata masu koyarwa su san wannan, don kada a ɗora wa wani laifin wani.

7. Alamomi da gwaji a aji

Ba kowace matsalar kira ce ta zaure ba. In murya tana yankewa tana dawowa, ko hoto yana daskarewa, galibi raunin sabis ne ko cunkoso. Alamomin zaure kuwa, waɗanda aka fi gani a wayoyin ofis masu bin SIP, su ne: waya ta yi ƙara a ɗauka a ji tsit, ko ɗaya ya ji ɗaya bai ji ba, ko kira ya riƙa mutuwa bayan sakan 32 daidai, domin iyakar jiran da ƙa'idar ta yanka ke nan in tabbacin ɗauka ya ɓace a hanya, ko kuma a iya kira daga ofis amma na waje ya kasa samun ofishin bayan an jima ba a yi amfani da wayar ba.

Malami na iya nuna wa ɗalibai abin da idonsu. Kowa ya duba adireshin da wayarsa ta nuna a wurin saiti, sa'an nan ya buɗe ɗaya daga cikin shafukan da ke gaya wa mutum adireshin da aka gan shi da shi. In lambobin biyu sun bambanta, akwai zaure a tsakani. In duk ajin a akwati guda su ke, za su ga na ciki dabam-dabam, na waje ɗaya.

8. Kalmomi

Kalmar da Turawa suka sa wa wannan dabara ma'anarta fassara, har an fara ganin "fassarar adireshi" a waɗansu rubuce-rubuce. A ganinmu ba ta dace ba. Fassara a Hausa ɗauko ma'ana ce daga harshe zuwa harshe, ko warware abin da ya shige duhu, kamar fassarar mafarki. A nan kuwa ba ma'anar da ke ƙaura, lamba ce a ke cirewa a sa wata, mun kuma ga cewa ainihin aibin zaure shi ne ba ya taɓa ma'ana. "Musanya" ta fi, don tana ɗauke da ba da wani a karɓi wani, tana kuma yarda da komowa. Haka nan mun zaɓi "kafa" a kan "ƙofa", domin kafa ƙarama ce, ana buɗe ta a toshe, ga shi kuma jama'a sun saba da "kafofin watsa labarai". Sai dai malami ya lura da ƙugiya a allo, kada kafa ta zama ƙafa. Sauran su ne ƙunshi, zaure, rajista, adireshin cikin gida da na waje, madubi, zango, gwajin hanyoyi, da gyaran murya. Haruffan Turanci kuwa a bar su kamar sunaye, don ɗalibi zai gamu da su a littattafai da jarrabawa.

9. Ƙarshe

Mafita mai ɗorewa da aka yi jira ita ce IPv6, wadda aka fara bayyanawa a 1995. Adireshinta sun kai lamba mai gurbi 39, sun ishi kowace na'ura ta sami nata na waje. Amma ƙaura zuwa gare ta tana tafiyar hawainiya, musamman a Afirka, kuma ko inda aka ƙaura a kan bar mai gadi a ƙofa mai hana baƙon da ba a aika masa ba, don haka gwajin hanyoyi da zango ba za su daina aiki ba. Maganin ɗan lokacin nan na 1994 ya haura shekara talatin, malaman da mu ke horarwa yau za su koyar da shi. Muna roƙon malaman kwalejoji su gwada kalmomin nan a aji, su rubuto wa sashe waɗanda ɗalibai suka kama da waɗanda suka ƙi zama a baki, domin a gyara tun ba a sa su a littattafan makaranta ba.